Karkatacciyar Ƙota

Tun ranar da ƙaya ta tsone wa Edwin Milburn idon dama a wajen gyaran shingen tumakinsa, bai sake kaɗo tsuntsun kirki ba. Likitocin Newcastle sun yi iya yinsu, suka sallame shi da ido mai kyan gani daga waje, amma ko fitila ka haska masa ba ya ganinta. Ga mai kiwon tumaki wannan ba wani tashin hankali ba ne, tunda tumaki ba ruwansu da idon da kake kallonsu da shi. Sai dai Edwin maharbi ne, ya fi shekara hamsin yana danna bindiga a kafaɗar dama yana saiti da idon dama. Yanzu in ya ɗaga ta, idon hagu sai ya riƙa hango gefen bututun maimakon samansa, harsashi ya tafi inda ya ga dama.

Ya gwada komawa kafaɗar hagu. Bazara guda ya sa matarsa Thelma tana cilla masa faya-fayan yumɓu na koyon harbi a bayan garke, yana sakin wuta, faya-fayan suna sauka cikin ciyawa lafiya ƙalau, har Thelma ta koma tsince su a kwando ana sake amfani da su washegari. Hannun da ya kusa shekara saba'in ba ya ɗaukar sabon karatu, amma wa zai gaya wa Edwin haka? Mutum ne da in ka ce masa ƙofa a kulle take, sai ya murɗa da hannunsa, ya kuma sa kafaɗa.

Abin da yake karewa shi ne gurbinsa a layin harbin kwarinmu. Su takwas ne a ƙungiyar. Kowace Asabar, daga kaka har tsakiyar sanyi, sukan jeru a gindin tudu, masu kora su taso fakaru daga cikin kurmi, tsuntsayen su bi ta samansu. Gurbi a wannan layi ba a sayensa, sai wani ya mutu ko gwiwa ta ci amanarsa. Ga Edwin kuwa Asabar ɗin nan ita ce mako, sauran ranakun duk jiranta ake yi.

Lance Dodd ne shugaban ƙungiyar, kuma abokin Edwin tun suna 'yan firamare. Wata safiya ya zo gonar, ya tsaya a bakin ƙyaure yana yabon raguna, yana yabon ciyawa, har ya yabi tsohuwar motar Edwin da kowa ya san ba ta da abin yabo.

"Lance, faɗi abin da ya kawo ka," in ji Edwin. "Ka bar kewaye-kewayen nan kamar kare zai kwanta."

"To shi ke nan. Mutane sun fara gunaguni. Bara ka fi kowa ƙona harsashi, ba ka kawo komai jaka ba. Ga likitan haƙoran nan na Hexham, kullum sai ya kira ni yana tambayar ko gurbi ya samu."

"Ya ci gaba da jira. Ai shi ma haka yake shanya mutane a benci."

"Ba wasa nake ba, mutumina. Ga abin da na ce musu. Kafin a buɗe harbin bana, in ka fasa faifai a gabana yadda ka saba a da, gurbinka na nan. In abin ya faskara, ka haƙura, ka riƙa zuwa cin abincin rana tare da mu."

"Abincin rana! Ni za a gayyata cin abinci kamar surukin wani? Kawo hannunka."

Lance ya ba shi hannu da sauri, irin saurin wanda ya tabbata ba za a zo masa karɓar alkawarin ba. Edwin ya lura, kuma hakan ya ƙona masa rai fiye da zancen likitan haƙora.

Bindiga dai Edwin bai rasa ba. A ɗakin baya yana da kabad na ƙarfe da tsofaffin bindigogin farauta tara a ciki, waɗanda ya bi gwanjo-gwanjo ya tara tun yana saurayi. Yawancinsu masu baki biyu ne irin na da, masu kunnuwa a waje da ake ja baya da babban yatsa, an zana musu furanni da karnuka a jikin ƙarfe. Thelma na kiransu 'yan gata, don ba sa aikin fari balle na baƙi, sai dai a shafe su da mai duk Lahadi bayan an dawo daga coci. Babbar 'yar gatan ita ce wata doguwar bindigar harbin barewa ƙirar Edinburgh, wadda ba ya bari a taɓa sai an goge hannu. Amma dukansu, har da wadda yake fita da ita ranar Asabar, an sassaƙa ƙotarsu, wato katakon da ake dannawa a kafaɗa, don mai idon dama ne. Ga kabad cike, ba wadda za ta fisshe shi.

Ana cikin haka littafin gwanjon kaka ya iso ta gidan waya, a tsakiyarsa kuma ya ci karo da hotonta. Bindiga ce mai baki biyu, ƙirar London tun zamanin kakanninmu, daga baya aka yi mata sabuwar ƙota don wani hafsan soja da ya baro idonsa na dama a yaƙin Faransa. Ƙotar ta taso daidai daga kafaɗa, sai ta lanƙwasa ta karkata hagu, yadda bututun zai zo gaban ɗaya idon. Masu tara tsofaffin bindigogi ba sa ko ɗaga kai su kalli irinta. Su abin da suke zuba kuɗi a kai kyan tsayuwa ne, bindiga ta miƙe sambal a kabad baƙo ya gani ya yaba, ko da rabonta da harsashi tun kafin a haife shi. Edwin kansa ya sha wuce irin waɗannan a teburin gwanjo yana dariya, yana kiransu ƙafar kare. Da ya so a sassaƙa masa sabuwa, tsohon da ya rage yana irin wannan aiki a Birmingham layinsa ya fi shekara, harbin bana kuwa ba zai jira ba.

Ya kai wa Thelma littafin a kicin ya sa yatsa kan hoton.

"Wannan kuma mota ce ta taka ta?" in ji ta.

"Haka aka yi ta. Kafaɗar dama, idon hagu."

"Nawa?"

"Sun ce za ta yi fam dubu ɗaya, ko ma ƙasa da haka. Ba mai son ta."

"Duk wadda ka shigo da ita gidan nan haka ka ce, ba mai son ta, kuma duk sai da aka samu wani mahaukaci irinka a ɗakin. Kuɗin raguna dai ba a taɓa su, Edwin. Rufin garke na yoyo."

"Ba zan taɓa ba. 'Yan gatan ne za su biya."

Thelma ta ajiye butar shayi ta dube shi sosai. Tun suna amarya da ango take roƙonsa ya sayar da ko guda, bai taɓa yarda ba. Tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna masa sai ya fi jin ciwo.

"To ka sa rigar kirki," ta ce, "kada su ɗauka kai ma cikin tsofaffin kayan kake."

A ranar ya buga wa Misis Ord, mai gidan gwanjon, waya. Suka shirya cewa duk abin da ya taya, za ta cire daga kuɗin bindigoginsa in ta sayar da su a gwanjo na gaba. Ta san kabad ɗin ciki da waje, tunda rabin abin da ke ciki daga hannun mahaifinta ya fito, ta kuma gaya masa kuɗin da kowace za ta iya yi.

"Ban da ta barewa," in ji Edwin. "Wannan ba ta cikin lissafi."

Safiyar gwanjon ana yayyafi. Zauren ya cika da warin man bindiga da na jiƙaƙƙun riguna, an jera kayan a dogayen tebura, maza sun sunkuya suna leƙen cikin bututu ta hasken taga, kowa yana yatsina fuska don kada na kusa da shi ya gane abin da yake so. Edwin ya tarar an riga shi wurin tasa. Percy Tulip ne, wani gajeren dillali mai gashin baki, wanda babu gwanjon da za a yi a arewacin nan ba ka gan shi jingine da bango ba. Ya ɓalle bututun daga ƙotar, ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce. Ƙarfen ya saki wata siririyar ƙara mai tsawo, alamar ba tsaga ba sakwarkwacewa.

"Ka ji murya, dattijo?" in ji Tulip. "London ce ta ainihi. In na guntule ƙafar karen nan na sa mata miƙaƙƙiyar ƙota, Ba'amurke zai biya ni ninki uku yana godiya."

"Guntulewa? Percy, wanda ya sassaƙa katakon nan ya fi ka daraja ko a kabari."

"A kabarin dai. Ni kuwa da raina, kuma kullum sai na ci abinci."

"Haɗa ta ka ba ni."

Tulip ya haɗa ya miƙa masa. Edwin ya buɗe ya tabbatar ba komai a ciki, ya rufe, ya juya wajen bangon da ba kowa, ya ɗaga. Ƙotar ta zauna a kafaɗar dama inda kowace bindiga ta saba zama, katakon ya lanƙwasa ta gaban fuskarsa, bututun ya zo ya tsaya cak a gaban idon hagu. Ya ga tsakanin bakunan biyu a miƙe har ƙarshe, ɗan ɗigon ƙarfen da ke can gaba yana zaune daidai tsakiyar agogon bango. Rabonsa da ganin haka tun kafin ƙayar. Daɗi ya kama shi, sai da ya ƙirƙiro tari don kada dillalin ya gane.

Tulip kuwa ai ya gane. "To fa," ya ce. "Ashe yau zan sha wuya."

Edwin yana da doka ɗaya a gwanjo, ita ce ba ya waiwaye. Idonsa na kan mai gudumar gwanjon daga farko har ƙarshe. In ka juya ka kalli wanda kuke tayi tare, ka gaya masa ke nan ya fara ba ka tsoro, shi kuwa sai ya ƙara wuta. Duk tsofaffin 'yan gwanjo sun san wannan, amma Edwin ya mai da ita kamar addini. Ya zauna can gaba-gaba inda kujerun damansa ba kowa, ya ɗora katinsa mai lamba a gwiwa, ya jira. Aka sayar da akwatunan fata, aka sayar da wata bindigar agwagwa da ta fi mutum tsayi, aka sayar da wasu tagwaye ƙirar London a kuɗin da zai sayi gona, wani a waya ya ɗauke su bai ko taɓa su ba.

Sannan aka ɗaga tasa. Wani a baya ya yi dariya.

"Mai baki biyu, ƙirar London, ƙotar idon hagu," in ji Misis Ord, tana gyara tabarau. "Wa zai buɗe mini da ɗari shida?"

Tulip ya ɗaga gira daga bangon hagu, inda Edwin ke hango shi da wutsiyar ido. Edwin ya ɗaga kati. Haka suka yi ta hawa, gira da kati, suka wuce dubun da aka yi hasashe ba wanda ya numfasa. Da aka kai dubu biyu Tulip ya yi lissafin katako da ladan masassaƙi a ransa, ya ga riba ta ƙare, ya girgiza kai.

"Ka ci, dattijo," ya ce da ƙarfi. "Allah ya sa ta harbi abin da kake kallo."

Aka yi dariya. Misis Ord ta ɗaga guduma, Edwin ya fara sakin numfashi. Sai ta tsaya da hannu a sama.

"Sabon tayi," ta ce. "Dubu biyu da ɗari biyu." Ta nuna da alƙalami wani wuri ta damansa.

Edwin bai juya ba. Ya ɗaga kati. Aka ƙara daga dama. Ya sake ɗagawa. Shi ba da fam yake lissafi ba, da 'yan gata yake yi. Ƙaramar nan ta Birmingham da ya saya da kuɗin ulun shekarar aurensu ta riga ta tafi tun suna tayi da Tulip. Yanzu mai zanen karnuka ta bi ta. Aka ƙara daga dama, mai kunnuwan azurfa ta tafi. Duk ɗagawa ɗaya sai ya ga wani gurbi ya buɗe a kabad, kuma kowace da ta fita sai ya ji ta a ƙirji, amma hannunsa bai yi nauyi ba.

Zauren ya yi tsit, irin shirun da ba a saba ji a gwanjo ba. Ba mai tari, ba mai juya shafi. Edwin ya ɗauka girmamawa ce. A ransa ya riga ya zana mutumin: wani mai kuɗin birni ne da ke tara abubuwan ban mamaki, zai rataye ta a bango ya riƙa nuna wa baƙi suna dariya, ba za ta sake shan albarushi ba har abada. Ya ji ya tsani mutumin. Cewa nasa taran ma ba abin da suke yi sai kwanciya, wannan bai tsaya tunawa da shi ba.

A dubu biyar Misis Ord ta cire tabarau, abin da ba ta taɓa yi a tsakiyar ciniki ba.

"Mista Milburn," ta ce a hankali, "ko za ka ɗan duba..."

"Ba na duba komai. Ci gaba da aikinki."

Ta mayar da tabaran, ta ci gaba. Dubu shida. Dubu bakwai, daga Edwin, kuma da wannan ta takwas ta fita, kabad ya koma fayau sai guda ɗaya a kusurwa.

"Dubu bakwai da ɗari biyar," in ji Misis Ord, alƙalaminta na nuna dama. Ta dube shi. Ita kaɗai a zauren ta san ya kai bango.

Edwin ya tuna safiyar da ya ɗauko ta barewar daga wani gwanjo a Perth, ya kwantar da ita a kujerar baya ya lulluɓe da rigarsa, ya tuƙo mota cikin sanyi da 'yar shara. Ya kuma tuna Asabar, da yadda zai zauna a kicin yana jin ƙarar bindigogi daga kwari, likitan haƙora na tsaye a wurinsa. Bai daɗe yana aunawa ba.

"Har da ta barewa," ya ce da ƙarfi.

Mutane suka kalli juna, ba su gane ba. Misis Ord ta gane.

"Dubu takwas," ta ce. Ta kalli dama. Ta jira, ta ƙara jira fiye da yadda ta saba. Ba abin da ya zo. Guduma ta sauka.

Sai a sannan Edwin ya juya, kuma da yake idon wancan gefen ba ya aiki, sai da ya juyo da kai gaba ɗaya har da kafaɗa. Lance Dodd ne zaune, kujera ɗaya tak a tsakaninsu, katinsa na hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

Edwin ya miƙe ya fita daga zauren. Ya je ofis ya nuna takardar izininsa, ya sa hannu, aka ba shi bindigar a jakar fata. Ya fito filin ajiye motoci, yayyafin bai tsaya ba. Lance na tsaye jikin motarsa yana jiransa.

"Kai ne," in ji Edwin. "Kabad ɗina kaf, Lance. Har da ta barewa. Me na yi maka? In gurbin kake so wa likitanka, ai sai ka ce in tashi, ba sai ka tsiyata ni a gaban jama'a ba."

"Likita ya ci gidansu. Ko sunansa ba na iya riƙewa."

"To me za ka yi da ita? Kai da idonka biyu garau?"

"In kulle ta a kabad har ɗayanmu ya mutu. Kuɗin tarakta na zo da su, suka ƙare." Lance ya share ruwa daga fuska. "Edwin, na zauna kusa da kai ne don ka gan ni. Na ce in ya ga ni ne, zai tsaya ya tambaye ni dalili. Hannuna a sama kamar ɗan makaranta, kowa a zauren ya gan ni, har mai shayi. Kujera ɗaya ce tsakaninmu."

"Ba na waiwaye a gwanjo, ka sani sarai."

"A da ba sai ka waiwaya ba. A da ko ƙuda ya gifta ta damanka ka gan shi."

Lance ya sa yatsa ya ja wuyan rigarsa ƙasa, ya juya masa gefen wuya. Ƙasan kunne akwai wasu baƙaƙen ɗigo biyu a cikin fata, ƙanana kamar ƙwayar gero. Duk wanda ya yi harbi ya san ko mene ne: ƙwayoyin harsashi ne.

"Bara, korar ƙarshe a Kwarin Ƙasa," in ji Lance. "Fakara ta taso ƙasa-ƙasa ta yi dama, ka bi ta da bakin bindiga har ka ratsa layi, ka saki. Ni ne a damanka. Na gaya wa matata ƙaya ce. Na gaya wa sauran ma ƙaya ce. Ba kuskuren tsuntsu ne ya dame ni ba, mutumina, ka kuskure dubu ba ruwana. Na kawo zancen faifai ne don na kasa gaya maka wannan. Sai ga ka ka je ka tono bindigar da za ta sa ka daina kuskure."

Edwin ya tsaya da jakar a hannu, ruwa na ɗiga daga bakin hularsa. Kunya ta rufe shi, wadda bai taɓa jin irinta ba, sannan tsoro ya biyo baya, don ya san da ɗigon nan biyu sun hau sama kaɗan da yanzu Lance ne ke neman karkatacciyar ƙota, ko kuma ba ya neman komai. Abu na farko da ake koya wa duk wanda zai riƙe bindiga a kwarin nan shi ne kada bakinta ya ratsa layi. Shi da kansa ya kori mutane daga fili a kan haka, bai ko saurari haƙurinsu ba.

Lance ya ɗauka magana ta ƙare. Ya ma fara neman kalmar lallashi, yana cewa Misis Ord za ta iya sake sa bindigar a kasuwa, Tulip zai saya ko da an yi asara. Edwin ba ya jin sa. Ya kafa ido kan ƙafar motar, yana juya abin a ransa ta kowace fuska, yadda yake yi in tunkiya ta maƙale a rami kowa ya ce a yanka.

A ƙungiyarsu, kamar kowace ƙungiyar harbi a ƙasar nan, ba a zaɓen wurin tsayuwa. Da safe shugaba yakan fito da 'yan sanduna masu lamba daga aljihu kowa ya zara, bayan kowace kora kuma a gusa gaba, don kowa ya ɗanɗani tsakiyar layi inda tsuntsaye ke zubowa. Lamba ɗaya ita ce ƙarshen layi ta dama, can bakin katangar dutse, inda mutum kan wuni da sanyi a ƙafa bai ja kunama ba. Duk wanda ya zaro ta sai ya yi tsaki, kuma tsakin Edwin ya fi na kowa tsawo.

"Cire ni daga ƙuri'a," in ji Edwin.

"Me?"

"Ka ba ni lamba ɗaya. Kowace kora, kowace Asabar, ba gusawa. Ba mai tsayawa a damana sai katanga. In na harbe ta na gyara, ai dama ni ke gyara ta."

"Haba Edwin. Lamba ɗaya ko hankaka ba ya bi ta wurin. Kai da ke kumbura in ka rasa tsakiya sau ɗaya? Ka zubar da bindiga tara don ka tsaya kallon duwatsu?"

"Zan tsaya in jira wadda ta ɓata hanya. Sauran kuma murna za su yi, an ɗauke musu mugun wuri har abada. Ka kai musu maganar."

"Ba a taɓa yin haka ba."

"Ba a taɓa harbin shugaba a wuya ba ma, ai ga shi an yi. Kuma ka gaya musu dalili, Lance. Kada ka sake ce musu ƙaya. In ba ka faɗa ba, ni zan tsaya gabansu in faɗa, sannan su zaɓa da idonsu a buɗe. In sun ce a'a, na ji. Amma su ce a kan gaskiya, ba a kan faifai ba."

Lance ya daɗe yana kallonsa. Ya san mutumin nan tun suna raba burodi a makaranta, bai taɓa jin ya roƙi wurin da ya fi kowane muni ba, bai kuma taɓa jin ya nemi a tona masa asiri ba. Idonsa ya ciko, ya ɗora wa ruwan sama laifi.

"Faifan fa?" ya ce da ƙyar. "Ai mun yi hannu a kansa."

"Ka zo da safe. Ka gaya wa Thelma ta bar kwandonta a ɗaki, ba abin da za ta tsinta."

"Bakinka dai bai makance ba."

Motar Edwin na can ƙarshen fili. Suka kama hanya tare, Lance ta dama kamar yadda ya saba tun suna yara. Ba su yi nisa ba ya tsaya, ya zagaya ta bayan abokinsa, ya dawo ta hagu, sannan suka ci gaba da tafiya.